Maganin Jijjigar Tirela a Hanyoyin Jazira

Ƙasar Jazira, wadda take shimfiɗe tsakanin Farin Nil da Shuɗin Nil a kudancin Khartum, baƙar laka ce mai albarka ga manomi amma mai azabtar da direba, domin idan damina ta sauka, daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba, sai ta kumbura ta yi danƙo ta riƙe tayar mota, idan kuma rani ya kama sai ta bushe ta tsattsage, sawun da motoci suka haƙa a cikin taɓo ya daskare ya zama kunyoyi masu taurin dutse. Hausawa sun daɗe da sanin halin wannan ƙasa, tun zamanin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Farko, ya sauka da jama'arsa a bakin Shuɗin Nil kusa da Sinnar a shekarar 1906, bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe babban gandun Jazira, hannayensu na cikin waɗanda suka tsinci audugarsa. A da, ƙaramin jirgin ƙasa na gandun shi ne yake kwasar auduga zuwa gidajen gurza na Maringan da Hasahisa. Amma da ƙarfinsa ya ja baya, sai nauyin ya koma kan tarakta da lori da manyan tireloli, waɗanda mutanen Sudan suke kira gundaran, su ne suke ɗaukar dawa da riɗi da gyaɗa da alkama daga ƙauyuka da yankin Damazin da Sinja zuwa Wad Madani, wasu kuma su zarce ta Gadarif har Bur Sudan.

Duk wanda ya taɓa zama a gaban irin wannan mota ya san cewa wahalarta iri biyu ce, kuma wajibi ne a rarrabe su kafin a nemi magani. Ta farko ita ce tsalle, wato motar ta riƙa hawa da sauka bisa gargadar hanya, abin da direbobin can suke kira dagdag. Ta biyu kuwa, wadda ta fi cin rai, ita ce fizga: mutum ya ji kamar an ja shi baya sannan an ingiza shi gaba, sau bayan sau, har wuyansa da ƙugunsa su yi tsami. Wannan ta biyun asalinta yana mahaɗar kan mota da tirela, don haka can ya kamata mai nazari ya fara dubawa.

Mahaɗar nan wani faffaɗan farantin ƙarfe ne mai siffar kofaton doki, wanda aka ɗaure bisa shasin kan mota, daidai saman tayoyin baya ko ɗan gaba da su kaɗan. Turawa suna kiransa ƙafa ta biyar, Larabawa kuma siniya. A tsakiyarsa akwai baki mai muƙamuƙai na ƙarfe, a ƙarƙashin gaban tirela kuma akwai wani gajeren turke mai kauri, inci 2 ga mafi yawan motoci, inci 3 da rabi ga masu ɗaukar kaya mafi nauyi, wanda yake shiga bakin nan a kulle shi. Hikimar abin ita ce tirela ba ta da tayoyin gaba nata na kanta, kan mota shi yake ɗauke da gabanta, farantin kuma yana barinta ta juya dama da hagu a kwana, ta kuma sunkuya gaba da baya idan hanya ta yi tudu da kwari. Wani maƙeri a birnin Detroit na Amurka, August Fruehauf, shi ya ƙera irin wannan tirela a 1914 don wani mai sayar da katako, kuma a ƙasar tasu har yau ana ɗaura ƙaramin faranti a bayan akori-kura a ja ɗakin kwana mai tayoyi da shi, masu yin haka kuwa suna kuka da fizgar nan daidai yadda direban gundaran yake kuka da ita tsakanin Sinnar da Damazin.

To, sababin fizga shi ne mahaɗar tana can sama, da tazara mai yawa tsakaninta da ƙasa. Idan tayoyin tirela suka faɗa rami ko suka hau tudu, dogon jikinta yana sunkuyawa, kuma tun da turken yana can sama, sunkuyawar nan tana zama ja da turi a kan faranti, shi kuma ya miƙa su ga shasi, shasi ya miƙa ga kujerar direba. Idan muƙamuƙan sun riƙe turken gam, abin yakan zo da sauƙi. Amma idan sun ci, ko turken ya sirance saboda gogayya, sai a sami 'yar rata, tirela mai tan talatin ta riƙa samun filin gudu na ɗan yatsa guda kafin ta doki ƙarfe, kuma kowane duka yana ƙara faɗaɗa ratar da ta haife shi. A Amurka ƙa'ida ta yanke cewa idan wasan da ke tsakanin faranti da tirela ya wuce rabin inci, haramun ne motar ta hau hanya sai an gyara. Gwajinsa ba ya bukatar na'ura: a danne birkin tirela, direba ya ɗan motsa kan mota gaba da baya a hankali, yaron mota ya tsaya a gefe, nesa da taya, ya sa ido a kan mahaɗar. Yawancin faranti suna da notin da ake ɗaure muƙamuƙan da shi, idan kuma sun ci har sun wuce haddi, sai a sauya su. Walda a kan turke don a cike abin da ya ci kuwa, kamar yadda wasu suke yi don gudun kashe kuɗi, ganganci ne tsantsa, domin zafin walda yana ɓata ƙarfin ƙarfen da rayukan mutane suke rataye a kansa.

Sai giris. Busasshen faranti yana kama ƙasan tirela ya saki, ya kama ya saki, sitiyari ya yi nauyi a kwana, motar ta riƙa ƙin komawa saiti. Amma a ƙasa mai ƙura irin Jazira, tsohon giris da ya sha rairayi ya fi rashinsa illa, don haka sharaɗin shafa sabo shi ne a kankare tsohon tukuna.

Wata mas'alar kuma, wadda a ganina ta fi kowace girma alhali ba ta cin ko sisin kwabo, ita ce ta lodi. Jakin da aka ɗora wa mangala, gefe guda ya rinjayi ɗaya, ba ya tafiya daidai komai ƙarfinsa, haka nan tirela, sai dai ita rinjayenta na gaba da baya shi ya fi haɗari. Idan 'yan dako suka jibge buhuna a baya saboda nan ya fi kusa da hannunsu, nauyin da ke danne faranti yakan ragu, gaban tirela ya riƙa ɗagawa yana faɗuwa, tayoyin kan mota su rasa riƙon ƙasa, fizga ta tsananta. Idan kuma aka cika gaba fiye da kima, sifirin kan mota ya kwanta sarai, kowane rami ya isa ga shasi kai tsaye ba tare da wani abu ya tare shi ba. Masu jan ɗakin kwana da akori-kura sukan bar wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin tirela a kan faranti, babbar tirela kuwa rabonta ya fi haka, amma mizanin ɗaya ne: a shimfiɗa kaya daidai tun daga gaba har baya, mai nauyi a ƙasa, a ɗaure shi yadda ba zai zame ba, sannan a koma gefe a dubi motar, a tabbata gadon tirela yana kwance sosai, bai ɗaga hanci ba kuma bai sunkuya ba. Auduga tana da tata fitinar, domin ba ta da nauyi amma tana da tsawo, kuma lodin da ya yi tsiri yakan sa motar ta riƙa rangaji a kan gaɓar magudanan ruwa na gandun.

Game da sifirin, akwai wata al'ada da ta kafu wadda ta cancanci a yi mata adalci. Bakanikan Sudan sun shahara da ƙarfafa tsohuwar lorin Bedford, wadda suke kira sifinja, suna ƙara mata ƙarfen shasi da ganyen sifirin har ta ɗauki abin da maƙeranta na Ingila ba su yi zato ba, kuma wannan gwaninta ce ta haƙiƙa. Sai dai fa kowane ganye da aka ƙara yana ƙara tauri, sifirin mai tauri kuwa ba ya lanƙwasa sai da cikakken lodi, shi ya sa motar da ta tafi lafiya da buhunan dawa take dawowa wayam tana tsalle har haƙoran yaron mota su riƙa haɗuwa. Wanda yake neman laushi ya fara duba abin da ya lalace kafin ya ƙara abin da babu: ganyen da ya karye, tsatsar da ta manne ganyayyaki suka zama ƙarfe guda, robobin da suka cinye, da shokozoba da ta zubar da manta, wadda aikinta shi ne ta kashe tsallen bayan na farko. Sababbin motoci suna zuwa da jakunkunan iska a madadin ganye, masu ƙara iska idan an yi lodi su rage idan an sauke, kuma babu shakka sun fi sauƙi ga jiki da kaya. Amma jakar da ta fashe a hanyar Rusairis ba ta gyaruwa da guduma da wuta yadda ganye yake gyaruwa a wurin maƙerin ƙauye, don haka ban ga laifin mai motar da ya tsaya ga tsohon tsari ba.

Iskar taya ma tana da nata rabo, kuma a nan kuskure yana ta fuska biyu. Tayar da aka cika fiye da abin da lodi yake bukata tana dukan ƙasa ba ta shanye komai, wadda aka rage mata iska kuma, ga nauyi ga zafin kwalta na watan Afrilu da Mayu, tana ɗumama har ta fashe. A auna da geji da sassafe kafin taya ta yi zafi, a bi adadin da maƙerinta ya rubuta, kada a dogara da bugun ƙarfe da sauraron amo, musamman a tayoyi 'yan biyu, inda guda takan ɓoye laifin 'yar uwarta.

Tarakta da ƙaramar tirelarta, wadda ita ce abin hawan yawancin ƙauyuka, ba ta da faranti, ƙusa ce kawai a cikin zobe, kuma ba ta da sifirin ko kaɗan a baya. Ƙusar da ta yi wa zoben kaɗan tana haifar da fizga iri ɗaya da wadda aka ambata, sai a nemi wadda ta cika shi, a sa mata makari a ƙasa. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne kada a ɗaura tirela sama da sandar tayoyin baya, domin ja daga sama yana iya ɗaga gaban tarakta ya kifar da ita a kan direbanta.

Saura gudu. Gargada tana da tazara kusan iri ɗaya tsakanin tudu da tudu, sifirin kuma yana da nasa lokacin hawa da sauka, kuma idan gudun mota ya sa biyun suka dace, tsallen yakan riƙa ninkuwa har direba ya ji motar tana neman ƙwace masa. Masu ƙananan motoci sukan ƙara wuta su bi ta kan tudun, amma wannan dabara ba ta halatta ga mai jan tirela, saboda tayar da take shawagi ba ta jin birki, kuma birki mai tsanani a kan irin wannan ƙasa, ko a kan laka bayan yayyafi, shi yake sa tirela ta turo kan mota su naɗe. Sai ya sassauta totur sannu a hankali tun kafin ya isa wurin, ya sauko da giya, ya riƙe gudu guda wanda jijjigar take lafawa a cikinsa, bayan tafiyar 'yan kilomita kuma ya tsaya ya sake ɗaure igiyoyi, domin buhunan riɗi da na dawa sukan zauna su saki ɗaurinsu a farkon tafiya.