Filin Dala Ɗaya da Ya Tashi Unguwa

A shekarar 1953 kamfanin sinadarai na Hooker ya sayar wa hukumar makarantun birnin Niagara Falls, a jihar New York ta Amurka, wani fili a kan dala ɗaya tak. Filin, wanda ake kira Love Canal, tsohuwar hanyar ruwa ce da aka fara haƙawa aka yi watsi da ita. Tun daga 1942 kamfanin yake jibge dattin masana'antarsa a ciki, har ya kai kusan tan 21,000, sannan ya rufe da ƙasa. Takardar cinikin ta ambaci dattin, ta kuma wanke kamfanin daga duk abin da zai biyo baya. Duk da haka aka gina makarantar firamare a wurin, gidaje suka kewaye ta.

Iyalan da suka sayi gidajen ba su san me ke kwance ƙarƙashinsu ba. Bayan shekara ashirin da ɗoriya, ruwan sama mai yawa ya tono asiri. Baƙin ruwa mai wari ya riƙa tsattsafowa cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ruɓaɓɓun ganguna suka leƙo a bayan gidaje, yara suna dawowa daga wasa da ƙuna a hannu. Wata uwa mai suna Lois Gibbs ta bi gida gida tana haɗa kan maƙwabta. A watan Agustan 1978 Shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci, daga bisani aka kwashe ɗaruruwan iyalai.

Wannan masifa ce ta haifi dokar Superfund a 1980, wadda ta sauya cinikin filaye a Amurka. A ƙarƙashinta ana iya ɗora wa mai fili na yanzu kuɗin tsaftace shi ko da ba shi ya gurɓata ba. Gyaran 1986 ya ba mai saye kariya idan ya binciki tarihin filin kafin ya biya. Shi ya sa a yau bankuna kan nemi rahoton masana muhalli kafin su ba da rancen sayen filin kasuwanci. Wata dokar ta 1992 kuma ta tilasta wa mai sayar da gidan da aka gina kafin 1978 ya faɗi abin da ya sani game da fenti mai gubar dalma.

A Nijeriya, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, kuma takardar shaidar mallaka tana nuna mai fili ne kawai, ba ta faɗin lafiyar ƙasar. A Kano an cike kududdufai da shara an yanka fulotai, unguwanni sun matso kusa da majemun Sharaɗa da Challawa. Mai saye ya tambayi iyaka da takarda, dillali ya karɓi la'ada, shaidu su sa hannu, damina kuwa ta zo ta faɗi sauran.

Fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai ya wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin hajarsa, ya ba mai saye damar mayarwa. Fili ma haja ne. Ya kamata majalisun jihohi su sa bayyana tarihin fili ya zama sharaɗin rajista, hukumomin tsara birane su fitar da taswirar hanyoyin ruwa da tsofaffin juji kowa ya gani. Kafin a kai nan, duk mai niyyar saye ya je ya ga wurin a watan Agusta, ya kuma tambayi dattawan unguwa abin da ke nan kafin a yanka shi.