Idan Zama Ya Kai Ki Jidda, Ina Yara Za Su Yi Wasa?

 Yau zancenmu zai ƙetare Bahar Maliya, amma daga gida za mu faro shi.

Ke da kike zaune a ƙauyukan ƙasar Dambatta, ko Makoɗa, ko Kunci, ko Bici, da wuya a ce kin taɓa zama kina tunanin inda 'ya'yanki za su yi wasa. Me zai sa ki yi? Karkararmu cike take da jama'a, gona na jikin gona, gida na hangen gida, babu wani dajin da yaro zai shiga ya ɓace. Da an taso daga makaranta, babban ya kora awaki gindin gawo, ƙaramin ya bi yayyensa tsintar tsamiya. Lokacin girbi suna gona wajen kalan gyaɗa. Idan farin wata ya fito, 'yammata suna gaɗa a dandali, samari suna langa, ƙanana kuwa sun kewaye kakarsu tana ba su labarin Gizo da Ƙoƙi. Wanda ya yi ba daidai ba, duk babban da ya gan shi zai kwaɓe shi, ko ɗan waye. Duk wannan ba ki biya ko kwabo, shi ya sa ba ki san darajarsa ba.

To, a ce maigida ya sami aiki a Jidda, ya aiko a kai ki da yara. Ba abin mamaki ba ne a zamanin nan. Akwai 'ya'yan ƙasarmu a can likitoci da ma'aikatan jinya da direbobi da 'yan kasuwa, akwai masu aiki a ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya, da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi wanda hedkwatarsa take a garin. Ranar tafiya 'yan'uwa za su cika gida suna taya ki murna, ai kin zama maƙwabciyar Ɗakin Allah. Gaskiya ne, abin murna ne ƙwarai. Sai dai akwai abin da ba a faye gaya wa mace ba kafin ta tashi.

Gidan da za ki sauka yawanci sashe ne a cikin bene, ɗaki biyu ko uku da falo, babu tsakar gida, babu zaure, babu ƙofar gidan da yaro zai zauna. Maƙwabciyarki ta dama wataƙila 'yar Masar ce, ta hagu 'yar Pakistan, kowa ƙofarta a rufe. Daga watan Mayu zuwa Satumba kuwa zafi ne mai haɗe da laimar teku, mutum ya fita da rana minti kaɗan rigarsa ta jiƙe sharkaf. Maigida ya fita tun safe. Yaron da ya saba yini yana tsere a kan kunya sai ya tarar da kansa tsakanin bango huɗu, ya dame ki da ƙiriniya, ki gaji ki miƙa masa waya domin ki sami sa'ida. Daga nan aka fara. Bayan shekara ɗaya ko biyu ga shi ba ya barci da wuri, ba ya son motsa jiki, Larabci da Turanci sun zauna a bakinsa, Hausa kuwa sai tsinta-tsinta. Ranar da aka buga wa kakarsa waya ya kasa gaishe ta yadda ya kamata, ranar za ki ji abin ya soke ki.

Dā can baƙuwa ba ta shiga wannan hali sosai, domin Hausawa ba baƙi ba ne a Jidda. Tun zamanin da ake tafiya haji a ƙasa, a ratsa Cadi da Sudan a shiga jirgin ruwa a Sawakin, mutanenmu suke sauka a garin, wasu kuma suka zauna har jikoki. Shi ya sa za ki ji Balaraben ƙasar sunan danginsa Hausawi, ko Barnawi, ko Fallata. Kyaftin ɗin 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar kofin duniya ta 2018 ma Usama Hausawi ne sunansa. A tsofaffin unguwanni irin su Karantina da Sabil mace takan sami masu jin harshenta, yara kuma su sami lungun da za su yi guje-guje. Amma daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 hukuma ta rushe unguwanni da dama a garin, har da waɗannan, jama'arsu suka watse. Saboda haka dandalin da kika baro a gida ba za ki iske shi yana jiranki ba. Ke ce za ki ƙago shi da hannunki.

Wurin farawa shi ne bakin teku, wanda mutanen garin suke kira Kornish. Hanya ce doguwa, wajen kilomita 30, ta bi gaɓar ruwa, an yi mata wuraren zama da ciyawa da lilo da sauran kayan wasan yara, kuma zama a yawancin wuraren kyauta ne. Hutun mako a ƙasar ranar Jumma'a ne da Asabar, haka aka mayar da shi tun 2013. Da la'asar sakaliya za ki ga iyalai sun fito, an shimfiɗa darduma, an ajiye shayi da gahawa da dabino, maza da mata da tsofaffi, yara suna tuƙa keke. Babu wanda zai dube ki don kin sa abaya ko kin rufe fuska, galibin matan wurin haka suke. Idan an kira salla ga masallatai nan kusa, da sashen mata a cikinsu. Akwai ma wanda aka gina a kan ginshiƙai cikin ruwa, watau Masallacin Rahma, idan teku ta cika sai ki ce a kan ruwan yake shawagi. Alhazanmu da yawa sun yi hoto a gabansa. Bayan magariba kuma a nuna wa yara ruwan nan na Sarki Fahad da ake harbawa sama daga cikin teku, wanda aka buɗe a 1985. Tsawonsa ya zarce mita 250, ana haska shi da fitilu, daga nesa ƙwarai ake hango shi.

Kada ki ce sai kuna da kuɗin cin abinci a kanti za ku fita. Ki dafa dambunki ko ɗanwakenki a gida, ki zuba a kula, ki haɗa zoɓo. Kazar Al Baik da alhazai suke ba da labarinta, wadda a Jidda aka fara sayar da ita a 1974, a bar ta sai ranar da aka ɗauki albashi. Abin da yaro yake bukata fili ne da iska, da ganin uwa da uba sun zauna tare da shi babu gaggawa. A nan ne ya kamata mu yi wa mazajenmu magana a hankali. Wani a gida bai saba fita da iyali ba, yana ganin abin kunya ne a gan shi riƙe da hannun 'yarsa a hanya. A ƙauye babu laifi, domin dangi sun ɗauke masa nauyin. A Jidda kuwa idan bai fitar da ku ba babu mai fitar da ku. Ko da yake tun 2018 an ba mata izinin tuƙa mota a ƙasar, mata nawa ne cikinmu suke da motar? Ki zaɓi lokacin da ya huta ki fahimtar da shi, yammaci ɗaya a mako bai yi yawa ba.

Sai dai fa a yi hattara da ruwan. Yaron da iyakar saninsa kududdufin bayan gari, ko ya taɓa ganin madatsar Tomas daga nesa, bai san teku ba. A wurare da yawa na Kornish an kafa alluna an hana wanka, domin akwai duwatsu masu kaifi da santsi, ga zurfi ba zato ba tsammani. Kada ki ba wa yarinya 'yar shekara takwas riƙon ƙaninta a bakin ruwa kamar yadda kike yi a tsakar gida. Idan wanka ake so, sai a nufi wajen Abhur, arewa da gari, inda ake da wuraren da aka tanada domin haka. Wasunsu na kuɗi ne, kuma ba kowanne ne shigar mutanensa za ta kwanta miki ba, saboda haka maigida ya bincika tukuna.

Idan sanyi ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai a leƙa tsohon gari, watau Balad. Tun zamanin Halifa Usmanu ɗan Affan aka mai da Jidda mashigar Makka ta ruwa, kuma a 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan unguwa cikin kayan tarihin duniya. Gidajen dogaye ne, an gina su da dutsen murjani da aka ciro daga teku, tagoginsu na katako ne da aka sassaƙa da ƙananan ramuka, domin iska ta shiga, mace kuma ta ga waje ba a gan ta ba. Ki kai yara ƙofar Gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan ya karɓi garin a 1925. Akwai tsohuwar bishiya a gabansa, wadda saboda ita ake ce masa gida mai bishiya, tun lokacin da itace yake da wuyar gani a garin. Ki matsa kusa ki dubi ganyenta: darbejiya ce, irin wadda take ƙofar gidanku. Nan sai labarin gida ya ɓarke.

Wuraren biyan kuɗi kuwa suna nan birjik, akwai gidan kifaye na Fakieh da aka buɗe a 2013, da wuraren lilo na zamani, da manyan kantuna masu sanyi. Sau ɗaya a lokacin salla ya isa. Abin da ya fi su duka shi ne kusancin Makka, tafiyar kamar awa ɗaya a mota, ga kuma jirgin ƙasa mai sauri da ya fara aiki a 2018, wanda yake zuwa har Madina. Amma a tuna yaro yaro ne. A kai shi lokacin da babu cunkoso, kada a wahalar da shi har ya riƙa gudun tafiyar. A masallatan unguwa kuma akan yi da'irar haddar Alƙur'ani bayan la'asar. Ban da karatun, a nan zai sami abokai.

Duk da haka, fita da iyali kaɗai ba za ta riƙe wa yaro Hausarsa ba. Harshe sai da abokan magana. Ki nemi matan Hausawa uku ko huɗu, 'yan Nijeriya ko 'yan Nijar, ku sa rana, wannan mako a ɗakin wance, mako mai zuwa a naki. A ajiye wayoyi a kan tebur. A koya wa 'yammata carafke da gaɗa, a yi kacici-kacici, wadda ta fi iya tatsuniya ta yi. Mutanen ƙasar suna da wata al'ada mai kyau da za ku iya ara: a bayan gari akwai gidajen shaƙatawa da suke kira istiraha, masu katanga da fili, da sashen maza da na mata, ana hayarsu na yini ɗaya. Iyali guda zai ji nauyin kuɗin, amma idan gida biyar suka yi adashi, ranar salla sai ga tsakar gida ta samu. A ɗora tukunyar tuwo, a yi lalle, yara su yi langa har su gaji.

Akwai magana guda da ba za mu tsallake ba. Duk abin da muka lissafa na mai takardun zama ne, watau igama. A 2017 gwamnatin ƙasar ta sa wa baƙi ma'aikata kuɗi a kan kowane mutum da suke riƙe da shi, Riyal 100 a wata, aka riƙa ƙarawa har ya kai Riyal 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya huɗu sai ki lissafa da kanki. Wannan ya sa magidanta da yawa suka mai da iyalansu gida. Kada kuwa wani dillali ya ruɗe ki da cewa ki shiga da bizar umra ki laɓe. Macen da ba ta da igama kullum cikin fargabar kamu take, sa ɗanta a makaranta ko kai shi asibiti ya zama aiki, tekun da take kusa da ita ma sai dai ta ji labarinta. Yaron da yake langa a Makoɗa ya fi wannan yaro 'yanci nesa ba kusa ba.

Ku kuma 'yammata 'yan makaranta, ba ku san inda aure ko karatu zai kai ku ba. Ku dage da Larabcin da ake koya muku a Islamiyya, kuma tun kakanninku suna raye ku zauna ku kwashi tatsuniyoyi a bakinsu, ku rubuta a littafi. Wadda take da ƴar'uwa a can, ta ɗauki muryar tsohuwa a waya tana tatsuniya ta aika mata ta WhatsApp, a kunna wa yara kafin barci. Idan kuma suka zo hutu da damina, wanda ya yi daidai da dogon hutun makarantun can, kada a taru ana yi musu dariya don Hausarsu ta karkace, domin yaron da aka yi wa dariya sau biyu ba zai sake buɗe baki ba. A ba shi ƙaramar fartanya ya bi 'yan'uwansa gona, da yamma kuma a sake shi ya tafi dandali.