Daga Rum zuwa Tibirin Gobir: sojoji ne suka zo ko kaya?

Duk wanda ya zauna da dattawan Tibiri ya tambaye su asalin Gobirawa, amsa guda zai ji: daga Gabas. Wasu su ce ƙasar Larabawa, wasu su ce Masar. Ko Muhammadu Bello, wanda a fagen fama babban abokin gabar Gobir ne, ya rubuta cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wajen 1812, cewa tushensu daga Kibɗawan Masar yake. To, Masar ta kasance ƙarƙashin mulkin Rumawa tun shekara ta 30 kafin haihuwar Annabi Isa har zuwan Musulunci wajen 641. Daga nan ne tambaya ta taso: shin akwai wata alaƙa tsakanin daular Rum da kakannin mutanen da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa wa Tibiri a 1836?

Kafin Tibiri, kafin Alkalawa da Birnin Lalle, Gobirawa sun zauna a Abzin, kuma masanin tarihi Djibo Hamani ya nuna cewa masu magana da Hausa sun riga Buzaye zama a waɗannan duwatsu. Saboda haka maganar ta koma kan ko Rumawa sun taɓa isowa Abzin.

Abin da ke rubuce kaɗan ne. A shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa, janar Kornelius Balbus ya kai yaƙi Garama, babban birnin Garamantawa a Fezan, kudancin Libiya. A shekarun 1950 Bafaranshen nan Henri Lhote ya yi iƙirarin cewa rundunar ta zarce har kogin Kwara, amma hujjarsa kamannin sunayen wurare ce, kuma yawancin masana ba su karɓa ba. Labarin da ya fi ƙarfi shi ne na Julius Maternus. Masanin taswira Batlamus ya ruwaito cewa wannan mutum ya taso daga Leptis Magna a bakin teku, wajen shekara ta 90, ya bi sarkin Garamantawa tafiyar wata huɗu kudu, suka isa wata ƙasa mai suna Agisimba inda karkanda ke taruwa. A zamanin ne kuma aka buga hoton karkanda mai ƙaho biyu a kan kuɗin sarki Domishiyan. Wasu sun ce Agisimba ita ce Abzin, wasu Tibesti, wasu bakin tafkin Cadi. Abin lura shi ne Maternus baƙo ne cikin ayarin wani. Jagora da hanya duk na Garamantawa ne.

Irin wannan gardama ta daɗe a tsibirin Ailan, yamma da Ingila. Marubuci Tasitus ya ce surukinsa Agirikola, gwamnan Rumawa a Birtaniya, yana ganin runduna guda ta isa ta ci tsibirin, kuma ƴan kasuwa sun san tasoshin jiragensa. An tono kuɗaɗen Rum a Newgrange, an sami kayansu a Drumanagh, arewa da Dublin. A 1996 wata jaridar Ingila ta shelanta cewa Drumanagh sansanin sojan Rum ne, masana da dama suka ce kasuwa ce ta mutanen ƙasar. Ra'ayin kasuwa ne ya fi rinjaye.

Ɗan kasuwar Maraɗi ba ya bukatar dogon bayani a nan. Atamfar Holan da fitilar Sin suna kwance a babbar kasuwa, suna shiga Jiratawa da ƙauyukan gulbi ta hannun alhazai da ƴan koli, alhali wanda ya ƙera su bai taɓa jin sunan garin ba. Idan bayan shekara dubu wani ya tona fadamar Jiratawa ya sami kwanon Sin, kuskure ne babba ya rubuta cewa Sinawa sun mulki Katsinar Maraɗi.

Haka kayan Rum suka yi a hamada. Sansanonin sojansu sun tsaya ne a arewa, irin su Gadamas da Bu Njem, kuma ba a tono ko guda a kudancin Sahara ba. Amma a Abalessa, cikin duwatsun Hoggar na Aljeriya, a kabarin Tin Hinan da aka fara buɗewa a 1925, an tarar da fitilar Rum da tambarin kuɗin sarki Kustantin. A Kissi, arewacin Burkina Faso, kaburbura sun fito da duwatsun wuya na gilashi da tagulla waɗanda suka ƙetaro hamada kafin zuwan Larabawa. A Marandet kuwa, kudu da Agadas, an sami dubban ƙananan tukwanen narka jan ƙarfe, kuma masana da yawa na danganta wurin da Maranda, wadda Yaƙubi ya ambata a ƙarni na 9, suna kuma haɗa ta da tsohuwar Gobir.

Batun Kibɗawa ya fi wuyar tabbatarwa. Kusan kowace sarauta a ƙasar Hausa da Barno tana kai asalinta Gabas, kamar yadda Daura ke kai Bayajida Bagadaza, domin bayan Musulunci ya kafu asalin Gabas daraja ne. Gobirawa Hausa suke yi, ba harshen Kibɗawa ba. Wannan bai rage wa labarin ƙima ba, domin yana iya ɗauke da tunanin zamanin da Abzin take mahaɗar hanyoyin Fezan da Masar, lokacin da fatake ke shigowa da kaya da labarai na ƙasashen Nasara.

Baturen farko da aka tabbatar ya iso Maraɗi shi ne Bajamushe Adolf Overweg, abokin tafiyar Heinrich Barth, a 1851. Daga Tarabulus suka taso, suka bi ta Fezan da Abzin, su ma cikin ayarin Buzaye.