Daƙiƙa 56 a cikin gajimare: darasin da matuƙa jirage masu saukar ungulu ke koya wa juna

Ranar Asabar, 2 ga Fabrairun 2019, ana tsakiyar kakar zaɓe, jirgi mai saukar ungulu ƙirar AW139 ya iso filin wasan garin Kabba a Jihar Kogi, ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo. Rani ne, filin ya bushe ƙamas. Jirgin 'yan sanda da ya riga shi sauka ya bar ƙura tana yawo a sama. Da nasu jirgin ya matso ƙasa, iskar farfelarsa ta tayar da wata ƙurar, ta turnuƙe shi, matuƙan suka daina ganin komai a waje. Jirgin ya daki ƙasa da ƙarfi, ya kife ta gefen dama. Mutum 12 ne a ciki, kuma da yake da sauran shan ruwa a gaba, duk sun fito da ransu. Masu binciken haɗarin jiragen sama na Najeriya ba su ɗora laifin a kan inji ba. Abin da suka gano shi ne ido ya rasa abin kamawa, matuƙi ya kasa tantance tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa.

Fasinja ya fi jin tsoron kada inji ya mutu a sararin sama, amma wannan matsala ce da ake da maganinta tun a makaranta. Idan inji ya tsaya, matuƙi kan kwantar da fukafukan farfela nan take, sai iskar da ke tasowa daga ƙasa yayin da jirgin ke gangarowa ta ci gaba da juya ta, da wannan juyin ne zai sauka. Ba a ba ɗalibi lasisi sai ya nuna ya iya. Abin da tsofaffin hannu a wannan sana'a suka fi ja wa na baya kunne a kai shi ne lokacin da jirgi yake lafiya lau, mai cike a tanki, amma ido ya daina ganin inda ƙasa ta haɗu da sama.

Dalilin yana cikin kunnen ɗan Adam. A can ciki akwai wasu 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ne ke faɗa wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya ko ya karkata. Duk wanda ya yi wasan hajijiya yana yaro ya san yadda suke yaudara: ka daina juyawa, ka tsaya cak, amma duniya ta ci gaba da zagayawa da kai. A cikin jirgi, idan aka daɗe ana kwana da sauri iri ɗaya, cikin kamar daƙiƙa 20 ruwan nan zai lafa, jiki ya ce ai a miƙe ake tafiya. Idan kuma karkatar ta zo a hankali, kunne ba ya ma jin ta. Ƙara gudu kan sa mutum ya ji kamar sama yake hawa. Muddin ido yana ganin ƙasa, shi ke gyara waɗannan ƙarairayi ba tare da mutum ya sani ba. Da zarar gajimare ko hazo ko ƙura ko duhun dare sun rufe gilashi, matuƙi ba shi da sauran madogara sai agogunan da ke gabansa, kuma dole ya gaskata su ko da duk jikinsa yana rantsuwa cewa ƙarya suke yi.

A 1954 masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka sun gwada matuƙa 20 na ƙananan jirage masu fukafukai waɗanda ba su koyi tuƙi da na'ura zalla ba. Aka toshe musu ganin waje suna cikin tafiya. Babu wanda jirgin bai ƙwace masa ba, kuma a tsaka-tsaki daƙiƙa 178 suka yi kafin hakan ta faru. Jirgi mai saukar ungulu ya fi haka rashin haƙuri, domin ba ya daidaita kansa idan an sake shi. Wata ƙungiyar kiyaye haɗari ta masu wannan sana'a a Amurka, USHST, ta bi diddigin haɗurran da suka faru bayan matuƙi ya faɗa gajimare ba shiri, ta samu tsaka-tsakin lokacin daga shiga zuwa faɗuwa daƙiƙa 56 ne. Ko minti ɗaya bai cika ba. Da wannan adadi ta raɗa wa ɗan gajeren fim ɗin faɗakarwa da ta fitar a 2021 suna.

Haɗarin da ya sa duniya ta waiwayi wannan magana shi ne na 26 ga Janairun 2020, wanda ya yi ajalin shahararren ɗan ƙwallon kwando Kobe Bryant da 'yarsa Gianna mai shekara 13 da wasu mutum bakwai a tsaunukan Calabasas na Jihar Kalifoniya. Matuƙin, Ara Zobayan, ba sabon shiga ba ne. Ya yi sa'o'i fiye da 8,000 a sama, shi ne babban matuƙin kamfaninsa, kuma ya sha ɗaukar Bryant. Da safen nan hazo ya yi kaurin da 'yan sandan Los Angeles suka ajiye nasu jiragen. Kamfaninsa kuwa izinin tuƙi da ido kawai yake da shi. Ya yi ta bin babbar hanyar mota daga sama, gajimare na matso shi ƙasa, tsaunuka na tasowa, har ya yanke shawarar ya huda gajimaren ya fito ta samansa. Kaɗan ya rage ya fita sai jirgin ya fara karkata hagu. Ya shaida wa mai kula da zirga-zirgar jirage cewa yana hawa zuwa ƙafa 4,000, alhali a daidai lokacin jirgin ƙasa yake sulalowa da gudu. Shi a jikinsa hawan yake ji.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da sakamakonta a Fabrairun 2021, kuma akwai wani ɓangare a ciki da matuƙa suka fi tattaunawa. Ba a samu wata shaida cewa Bryant ko kamfanin sun matsa wa Zobayan lamba ba. Shi ya ɗora wa kansa nauyin ganin ya kai fasinjan da yake ji da shi wurin wasan 'yarsa a kan lokaci. Sannan akwai wata ɗabi'a da kowa ke da ita: gwargwadon kusantar inda aka nufa, gwargwadon yadda juyawa baya ke yi wa zuciya nauyi. Filin jirgin Van Nuys yana kusa, ya wuce ta gefensa mintuna kaɗan kafin nan, kuma da a can ya sauka, mota ce za ta ƙarasa tafiyar.

Shekara huɗu bayan haɗarin Calabasas irin wannan ta sake faruwa a Kalifoniya, wannan karon makokin ya zo har Najeriya. A daren 9 ga Fabrairun 2024, jirgi ƙirar EC130 ya faɗi a hamadar Mojave da Herbert Wigwe, shugaban rukunin Access, da matarsa da ɗansa, da Abimbola Ogunbanjo, tsohon shugaban rukunin kasuwar hannayen jari ta Najeriya, da matuƙa biyu. Dare ne, ana ruwa gauraye da dusar ƙanƙara, ga na'urar da ke auna tazarar jirgi da ƙasa ba ta aiki, kuma an san da haka tun kafin a tashi. Hukuncin NTSB kusan iri ɗaya ne da na baya: matuƙi ya ci gaba da tuƙi da ido cikin yanayin da ido ba shi da amfani, ya ruɗe, kamfanin kuma ya yi sakaci da sa ido. Wata uku bayan nan, a 19 ga Mayu, Shugaban Iran Ebrahim Raisi da ministan harkokin wajensa suka rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a tsaunukan arewa maso yammacin ƙasar, binciken sojin Iran kuma ya ɗora alhakin a kan hazo mai kauri.

Abin takaicin shi ne jirgi mai saukar ungulu yana da mafitar da sauran jirage ba su da ita. Matt Zuccaro, wanda ya tuƙa shi a yaƙin Biyetnam kuma daga baya ya shugabanci ƙungiyar masu harkar jirage masu saukar ungulu ta duniya, ya gaji da karanta rahotannin mutuwa iri ɗaya. A 2013 ya yi wani rubutu mai zafi a mujallar ƙungiyar, yana tambayar abokan aikinsa: ga mutanen da ke alfahari da iya sauka a kan tsauni da rufin bene da dandamalin haƙar mai a tsakiyar teku, me zai hana su sauka a gonar wani idan yanayi ya ɓaci ko mai ya yi ƙasa? Amsar da kowa ya sani ita ce kunya, da tsoron tambayoyin hukuma, da gudun a ce wane ya kasa. Rubutun ya zama kamfe sukutum, har ana wayar da kan kamfanoni da jami'an tsaro cewa matuƙin da suka tarar ya sauka a filin makaranta ko gefen titi don gudun haɗari, taimako ya kamata a ba shi.

Matuƙan jiragen ɗaukar marasa lafiya, waɗanda suka fi kowa shan wannan matsin, sun mai da nasihar lissafi, don kada a bar wa zuciya hukunci a lokacin da take cikin ruɗu. Sun lura cewa mai shiga hazo yakan rage gudu ya kuma matso ƙasa ba tare da ya ankara ba. Sai suka sa iyaka tun daga gida: idan ka ga ka rage kimanin kilomita 55 a sa'a daga gudun da ka saba, ko ka yi ƙasa da ƙafa 300 da rana, ko 500 da dare, to tafiyar ta ƙare a nan. Ko ka juya, ko ka sauka, ko ka koma tuƙi da na'ura idan kai da jirgin kuna da izini. A kamfanoni da yawa ba a faɗa wa matuƙi halin da majinyacin yake ciki sai ya duba yanayi ya amsa, don kada jin cewa jariri ne ya sa shi tashi cikin hadari. Kuma sai matuƙi da ma'aikatan jinya biyu duk sun yarda ake tashi, mutum ɗaya ya ce a'a an fasa, babu wanda zai tuhume shi.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ce za ta fi wuya a ƙasashenmu, inda faɗa wa babban mutum "ranka ya daɗe, yau ba za a tafi ba" yake da nauyi a baki, balle ga taro an cika fili ana jira. Su ma masu hawa suna da nasu rabon a nan. Gwamna ko attajirin da ya nuna wa matuƙinsa tun farko cewa fasa tafiya ba laifi ba ne, kansa ya yi wa. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, kuma a watannin hunturu, lokacin da buji kan hana manyan jirage ma sauka a Kano da Maiduguri, maganar ba ta buƙatar dogon bayani.

Sauran nasihohin gajeru ne, irin na aiki. Waya ba ta ganuwa daga sama, don haka a nemi turakunta, a kuma tsallaka ta kan turken. A ɗauka kowane titi da kowane kwari akwai waya a ciki. Idan filin sauka mai ƙura ne, a yayyafa masa ruwa tun da wuri, kuma da zarar ƙasa ta ɓace wa ido a ja jirgin sama a sake zagayowa.

Yawancin waɗannan darussa daga bakin waɗanda suka tsallake rijiya da baya aka ji su, kuma sai da aka gina tsarin da zai sa su yi magana. A 1 ga Disambar 1974, jirgin fasinja na kamfanin TWA ya daki wani tsauni a Jihar Bajiniya, mutum 92 suka mutu. Da aka bincika, sai aka tarar makonni shida kafin nan matuƙan kamfanin United sun sha da ƙyar a kan tsaunin nan saboda irin wannan rashin fahimtar umarnin sauka. Sun kai rahoto, amma bai fita daga kamfaninsu ba. Shi ya sa a 1976 aka kafa wani shiri aka damƙa shi a hannun hukumar NASA, wadda ba ta da ikon hukunta kowa. Matuƙi zai rubuta kuskurensa, a cire sunansa, a watsa darasin. Idan ya aika cikin kwana goma, kuma ba da gangan ya yi ba, ba laifin kotu ba ne, ba a kuma yi haɗari ba, yana iya tsira daga tara ko dakatar da lasisi. Rahotannin da aka tara sun haura miliyan ɗaya, har da na matuƙa jirage masu saukar ungulu. Birtaniya ta kafa nata, CHIRP, a 1982.

A ɓangaren doka kuwa tafiyar hawainiya ake yi. NTSB ta yi shekaru tana kira da a tilasta wa kamfanonin haya su kafa cikakken tsarin auna haɗari kafin kowace tafiya, kamar yadda aka tilasta wa manyan kamfanonin fasinja, ta kuma sake nanatawa a rahoton Calabasas. Sai a Afrilun 2024, wata biyu bayan rasuwar Wigwe, hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta fitar da dokar, ta ba kamfanonin wa'adin shekara uku su cika sharuɗɗanta.