Na'urar Daidaita Bugun Zuciya: Aikin Likita Ne Da Injiniya

Mai karatu, idan likita ya ce maka bugun zuciyarka ya yi ƙasa, sai an dasa maka na'ura a ƙirji, ba mamaki gabanka ya faɗi. Batir a jikin mutum? In ya ƙare fa? Tambayoyi ne masu kyau, amsarsu kuma tana wurin wasu mutane da ba ka ganinsu a asibiti, wato injiniyoyin lantarki, waɗanda da yawansu malaman jami'a ne.

Zuciya da lantarki take aiki

Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa. Kowane bugu yana farawa ne da ɗan lantarkin da zuciyar ke samar wa kanta. Idan hanyar wannan lantarki ta toshe, sai bugun ya ragu, mutum ya riƙa jin jiri da kasala, wani lokaci har ya suma.

Lantarkin nan kaɗan ne ƙwarai. Batirin tocila bolt ɗaya da rabi ne, amma abin da na'urar ECG ke ɗauka a kan fatarka kimanin kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt ɗaya. Ga shi kuma yana hawa yana sauka, ba lamba ba ce da kwamfuta za ta karanta kai tsaye. Dole sai an samu da'irar lantarki da za ta ji shi, ta tace hayaniyar wutar gida da ta motsin tsoka, sannan ta ƙara masa ƙarfi. Tsara irin wannan da'ira fanni ne mai zaman kansa da ake kira analog.

Kuskuren da ya zama alheri

A 1956, Wilson Greatbatch yana koyar da injiniyancin lantarki a Jami'ar Buffalo da ke Amurka. Yana cikin haɗa na'urar naɗar bugun zuciya sai ya ɗauko resista da ba ita ba, wato ɗan abin nan da masu gyaran rediyo ke sa wa don rage ƙarfin wuta. Maimakon abin da ya zata, sai da'irar ta riƙa fitar da wuta sau ɗaya, ta yi shiru kamar daƙiƙa ɗaya, ta sake. Nan take ya gane tafiyar zuciya ce.

Shi kaɗai ba zai iya kai ta jikin majiyyaci ba. A 1958 ya haɗu da likitan tiyata William Chardack, suka gwada a jikin kare, a 1960 kuma aka fara dasa tasu a jikin mutane. Amma Suwidin ta riga su: a watan Oktoba na 1958, likita Åke Senning ya dasa wa Arne Larsson na'urar da Rune Elmqvist ya ƙera. Ta farkon sa'o'i kaɗan ta yi ta tsaya. An sauya masa na'ura fiye da 20 a rayuwarsa, bai rasu ba sai a 2001 yana da shekara 86, bayan likitan da maƙerin duk sun riga shi.

Me ya sa batir ya zama babban lamari?

Batiran farko ba sa wuce kimanin shekara biyu, kuma kowane sauyi tiyata ce. Greatbatch ya koma kan wannan matsala, a farkon shekarun 1970 ya kawo batirin litiyam. Su kuma masu tsara da'ira suka dage wajen rage cin wuta. Yanzu na'urar tana sauraren zuciya, ba ta ba da wuta sai in bugun ya makara. Shi ya sa batir kan kai kimanin shekara goma. Ba ya kuma mutuwa kwatsam, yana nuna alama tun da sauran watanni. Likita yana karanta wannan ta saƙon rediyo daga saman fata, ba yanka ba allura.

Idan ɗanka ko 'yarka na son taimakon marasa lafiya

Ba likitanci kaɗai ne ƙofa ba. Yaron da ya iya lissafi da fiziks zai iya karanta injiniyancin lantarki, ya yi digiri na biyu, sannan na uku a kan da'irorin na'urorin asibiti ko na sadarwa marar waya. Hanya ce mai tsawo. Malamin wannan fanni yana koyarwa, yana kula da ɗalibai, yana neman kuɗin bincike, yakan kuma jira watanni kafin masana'anta ta ƙero abin da ya zana ya ga ko ya yi aiki. Daga wannan fanni ne na'urar taimaka wa ji da na'urar auna sukari ke samun da'irorinsu.

Naka aikin

Idan an dasa maka na'urar, kada ka fasa zuwa ranar da aka ba ka, domin a nan ake duba batir. Ka riƙa yawo da katin na'urarka. Wayar salula ta yi nesa da wurin dashen da aƙalla santimita 15: kada ka sa ta a aljihun ƙirji, ka kuma kara ta a kunnen ɗaya ɓangaren. Ka nisanci injin walda. Kafin hoton MRI ko wata tiyata, ka sanar da ma'aikata. In jiri ko suma suka dawo, ko wurin ya kumbura ya yi ja, ka garzayo asibiti a ranar.