In Maciji Ya Shiga Saɓa, A Ba Shi Abinci Ko A Ƙyale Shi?

Duk wanda ya daɗe a unguwannin Hausawa na Fatakwal, ko Anaca, ko Inugu, ya san cewa ba fatake da mahauta da 'yan tireda kaɗai Arewa ke turowa Kudu ba. A cikin baƙin da kan sauka lokaci-lokaci har da gardawa, watau masu wasa da macizai, waɗanda kan zo da akwatunansu su tara jama'a a bakin tasha ko gefen kasuwa, su yi wasa, su sayar da magani. Galibinsu kuwa a gidajen haya na 'yan'uwa suke kwana, inda ɗaki ke jikin ɗaki, yara kuma na kai da kawowa a tsakar gida. Saboda haka yadda gardi ke riƙon macijinsa ya shafi kowa da kowa a gidan.

Akwai wata magana da masu wannan sana'a suka sha yin gardama a kanta: in maciji ya shiga saɓa, a ci gaba da ba shi abinci, ko a ƙyale shi? Wasu na ganin dabbar da ta yi laushi abinci take bukata don ta sami ƙarfi. Wasu kuwa na ganin a bar shi har ya fita daga tsohuwar fatarsa. Abin da masana halin dabbobi suka tabbatar ya goyi bayan na biyun, ga kuma dalili.

Yadda saɓa take

Fatar maciji ta waje ba ta girma tare da jikinsa, don haka tilas ya riƙa tuɓe ta yana sake wata. Ƙaramin maciji mai saurin girma kan yi saɓa bayan 'yan makonni, babba kuwa sau kaɗan a shekara. Alamar farko ita ce launinsa ya dushe, ƙyallin jikinsa ya tafi. Daga nan sai idanunsa su yi fari-fari kamar an ɗiga musu madara. Abin da ke jawo haka shi ne, maciji ba shi da fatar ido da zai rufe ya buɗe. Wani ɓawo ne garai-garai ya lulluɓe idon, shi ma kuma yana cikin abin da za a tuɓe. Jiki kan fitar da wani ruwa tsakanin tsohuwar fata da sabuwa don ya raba su, to wannan ruwan ne ke dusashe idon.

Bayan 'yan kwanaki idon zai washe, har mai shi ya zaci an gama. Ba a gama ba. Sai an ƙara wasu kwanakin sannan macijin zai goga bakinsa a jikin dutse ko itace, fatar ta tsage daga leɓe, ya zare jikinsa ya bar ta a juye, ciki a waje. Daga farko zuwa ƙarshe abin kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu.

Dalilin ƙyale shi

Na farko, yawancin macizai da kansu suke ƙin abinci a wannan lokaci, kuma ba ciwo ba ne. Maciji ba kamar akuya ko kaza yake ba. Jikinsa ba ya ƙona abinci don ya yi ɗumi, zafin wuri yake aro, shi ya sa abinci kaɗan ke riƙe shi da daɗewa. Babbar mesa mai lafiya tana iya yin watanni ba ta ci kome ba. Ashe kuwa mako biyu ba zai kashe maciji ba.

Na biyu, wanda bai gani sosai ba ya iya farauta. In aka jefa ɓera mai rai cikin akwati, macijin bai kama shi ba, to ɓeran ne zai juyo kansa, ya ciji jikinsa ko ya gwaguye shi cikin dare. Sabuwar fata kuwa tana da taushi, rauni a kanta kan zama gyambo.

Na uku, maciji haɗiye abincinsa yake yi ɗungurungum, cikinsa ya kumbura, narkewar kuma ta ɗauki kwanaki. In aka dame shi a wannan hali, sai ya harar da abin da ya ci. Haraswa tana wahalar da shi ƙwarai, ta fi yunwar kwana goma illa. Masu yi masa ɗura da ɗanyen ƙwai saboda ya ƙi ci, su ne suka fi cutar da shi, gama suna iya ji masa ciwo a baki da maƙogwaro, su kuma suna kai hannunsu inda bai kamata ba.

Gaskiya ne akan sami wani macijin da zai karɓi abinci ko yana cikin saɓa, ya kuma kwana lafiya. Amma ribar da ke cikin haka ba ta kai hatsarin ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a jira ya tuɓe, a ba shi kwana ɗaya ko biyu, sannan a kawo masa abincinsa. A lokacin zai karɓa da marmari.

Abin da yake bukata

Ruwa mai tsabta a kasko, da dutse mai kaushi ko guntun itace da zai goga jiki, da wuri mai duhu inda ba a buga akwatin. Laima ita ce babbar mataimakiyar saɓa. A nan Kudu ta fi Arewa sauƙi, domin ruwan saman da ke zuba a Fatakwal ya haura milimita 2,000 a shekara, alhali na Kano yawanci bai kai 1,000 ba. Amma a watannin Disamba da Janairu, sa'ad da hunturu ya gangaro har Inugu da Anaca, iska kan bushe, fatar ta riƙa fita gutsu-gutsure. Wadda ta maƙale a ƙarshen wutsiya tana iya shaƙe ta har ta mutu, ɓawon da ya rage a ido kuma ya hana gani. Maganin haka shi ne a sa jiƙaƙƙen tsumma ko ɗanyen ganye a kusurwar akwati. Kada a kama fatar da hannu a ja, kada kuma a sa tsinke a ido. In abin ya ƙi, a nemi likitan dabbobi.

Inda hatsarin yake

Matsalar gardi ita ce, ranar da bai fita wasa ba, ranar babu na cefane, ga kuɗin haya na jira. Wannan ne ke sa wasu su fito da maciji mai fararen idanu cikin taro. Maciji ba shi da kunne a waje, kuma ba kiɗan ganga yake bi ba. Motsin hannu da jikin mai wasa yake kallo. To in idon ya dushe, ba ya rarrabe kome, tsoro ya kama shi, duk abin da ya motsa kusa sai ya kai sara. Saɓa ba ta rage dafi ko kaɗan. Wanda kuma ya dogara da cewa ya cire haƙoran, ya sani haƙoran dafi suna sake fitowa, domin maciji yana canza su muddin ransa. Irin macijin nan mai fesa dafi kuwa ido yake nufa daga nesa; wanda ya fesa wa, ya wanke idon nan take da ruwa mai yawa, ya nufi asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a shekarar 2017 ta sa saran maciji cikin jerin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara a duniya. Asibitin da ya yi suna wajen jinyar saran maciji a Nijeriya yana Kaltungo, a Jihar Gombe, tafiya mai nisa daga bakin teku. Don haka in tsautsayi ya faɗa, a kai mutum babban asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a cire zobe da agogo kafin kumburi. Allurar kashe dafi ita ce maganin da aka tabbatar.

Masu gari da mesarsu

Akwai kuma abin da baƙo a yankin Anaca ya kamata ya sani. A ƙasar Idemili, wadda ta haɗa garuruwa irin su Nkpor da Obosi da Ogidi, dab da Anaca, mutane da yawa suna girmama mesar da suke kira eke. A al'adarsu ba a kashe ta, wanda kuwa ya kashe, akan nemi ya yi mata jana'iza. Chinua Achebe, wanda ɗan Ogidi ne, ya ba da labarin rikicin da ya tashi sa'ad da wani yaro ya kulle irin wannan mesa a akwati, a littafinsa Arrow of God na 1964. Gardin da ya bar mesa ta mutu a hannunsa a wannan yanki, ko ya kama ta gari ya sa a akwati, yana iya jawo wa unguwa duka fitinar da sai Sarkin Hausawa da dattawa sun shiga tsakani.

Saboda haka masu gidaje da ke sauke gardawa suna da haƙƙin su tambayi abin da ke cikin akwati, su tabbata yana da makulli, yana kuma nesa da yara. Shi kuma gardi, in ya ga idon macijinsa ya yi fari, ya ajiye masa ruwa, ya rufe akwati, ya fita da maganinsa kaɗai har mako biyun su wuce. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu da tsautsayi, amin.