Harshen da na tarar a kan dutsen San Fedro

Da jijjifin safiya muka bar garin San Fedro La Laguna, a bakin tafkin Atitilan da ke tsaunukan ƙasar Gwatamala, ni da ɗan jagorana, wani dattijo manomin kofi. Tafkin yana kimanin mita 1,560 sama da teku, ƙololuwar dutsen kuwa mita 3,020. Dutse ne mai aman wuta, amma ya daɗe da yin shiru, har daji ya lulluɓe shi. Gwiwoyin da suka saba da kujerar ofis sun ji jiki, sai dai ba kukansu zan kawo wa mai karatu ba.

Mun wuce gonakin kofi da na masara, sai muka ci karo da wani mai ɗauke da itace a baya. Suka gaisa da harshen Tsutuhil, ɗaya daga cikin harsunan Maya fiye da 20 na ƙasar. Nan na yi turus. Kunnena ya tsinci ƙ irin ta ƙasa, da ɓ irin ta ɓera, da ts irin ta tsuntsu. Kada wani ya yi saurin ƙulla zumunta: Hausa 'yar gidan Cadi ce, ba ta haɗa kaka da Maya ba. Maƙogwaron ɗan Adam ne kawai iri ɗaya.

Da muka zauna hutawa, dattijon ya riƙa nuna mini itatuwa yana kiran sunayensu, da cutar da kowanne ke magani. Ya ce jikokinsa suna jin harshen, amma da Sifaniyanci suke mayar masa da amsa. A takarda an yi ƙoƙari: an kafa cibiyar harsunan Maya a 1990, doka ta amince da su a 2003. Amma baƙi masu biyan kuɗin jagora Sifaniyanci ko Ingilishi suke ji, kuma yaro ya san harshen da ke kawo abinci gida. Ni ma da gurguwar Sifaniyancina nake masa tambaya, ban fi sauran baƙin ba.

Bayan awa huɗu muka kai ƙololuwa. Hazo ya yaye, ga duwatsun Toliman da Atitilan a gabanmu, ga garin Santiyago can ƙasa. Na tambaye shi yadda kakanninsa ke kiran wannan dutse kafin Sifaniyawa su laƙaba masa sunan waliyinsu. Ya ce Nimahuyu, wato babban dutse. Ya sa na maimaita har sau uku kafin ya yarda mu fara gangarowa.